Katin bibiyar kalsiyam ga masu ciwon maƙoƙo: yadda aikin ke tafiya a Gusau

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan shafi ne domin in riƙa ajiye bayanin wani ƙaramin aiki da muka fara a ɗakin mata na asibitin da nake aikin jinya a nan Gusau, wato haɗa kati da rajista domin bibiyar waɗanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo da waɗanda ke shan maganin tayirod na dogon lokaci. A wurinmu, da zarar an cire maƙoƙo, ɗinki ya kame, murya ta fita, sai kowa ya ɗauka magana ta ƙare, alhali akwai haɗarin da ke biyo baya wanda ba a wuya yake bayyana ba, a leɓɓa da yatsu da ƙasusuwa yake fitowa.

A bayan tayirod, wadda ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, yawanci guda 4, da ake kira paratayirod. Tsawon kowacce kimanin milimita 6 ne, kuma saboda ƙanƙantarsu sai a 1880 wani ɗalibin likitanci a Suwidin mai suna Ivar Sandström ya yi cikakken bayaninsu a jikin ɗan Adam. Aikinsu shi ne tsare kalsiyam na cikin jini kada ya fita daga iyakarsa, wadda take tsakanin 2.2 da 2.6 a ma'aunin milimol cikin lita. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin kilo 1 na kalsiyam, kashi 99 cikin 100 yana cikin ƙashi da haƙora, ɗan abin da ya rage a jini kuwa da shi jijiyoyi da tsoka da zuciya ke aiki. Idan na jini ya yi ƙasa, sinadarin paratayirod yana ɗebo shi daga ƙashi, yana hana ƙoda zubar da shi a fitsari, kuma yana sa ƙoda ta gyara bitamin D ta yadda hanji zai tsotse kalsiyam daga abinci. Yadda nake bayyana wa mata shi ne, ƙashi rumbu ne, paratayirod kuwa ita ce mai riƙe da mabuɗinsa: idan ta ɓace gida ya kwana da yunwa alhali rumbu cike yake, idan kuma ta cika ɗiba rumbun ya ƙare.

Ma'aikatan ɗakin sun yi karo-karo an tara N60,000. Da shi za a buga kati, a sayi babban littafin rajista, a riƙa sa kuɗin kira a waya.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na nuna wa likitan tiyata daftarin katin. Ya yarda da alamomin da na jera, wato jin kamar tafiyar kiyashi a kewayen baki da kan yatsu, ɗaurewar tsoka, ƙandarewar hannu, da shaƙewar numfashi, amma ya ce a rubuta a sarari cewa sun fi zuwa tsakanin awa 24 da 72 bayan tiyata, domin a daidai wannan lokacin ne ake sallamar mutane su tafi gida. An sayi rajista N4,500.

Alhamis, 23 ga Janairu

An buga kati 200 a kan N28,000, gaba da boko, baya da ajami, domin da yawa daga matan da ke zuwa daga ƙauyuka sun fi sakin jiki da ajami. Wani malamin makarantar allo ne ya rubuta mana da hannunsa, bai karɓi ko sisi ba. Na dage a sa zanen hannu a ƙandare, babban yatsa ya shige tafi, sauran yatsu sun haɗe sun miƙe, wuyan hannu ya lanƙwashe, saboda wanda bai iya karatu ba zai gane hoton.

Ban yarda a dogara ga lambar waya kaɗai ba. Duk wanda ke Zamfara a watan Satumba na 2021 ya san yadda rayuwa ta kasance lokacin da aka rufe layukan sadarwa, kuma ko yanzu akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun sabis. Saboda haka katin ya faɗa wa mai shi abin da zai yi ko da bai same mu ba: ya nufi asibiti mafi kusa, ya miƙa katin, a bayan katin kuma akwai saƙo na musamman ga ma'aikacin lafiyar da zai karɓa.

Laraba, 29 ga Janairu

Yau aka kawo mana irin abin da muke tsoro. Wata mata mai kimanin shekara 35, an cire mata maƙoƙo gaba ɗaya a wani asibiti a wajen jihar, aka sallame ta washegari, ta koma ƙauyensu. A rana ta uku leɓɓanta suka fara mutuwa, da yamma hannuwanta biyu suka ƙandare, ƙafafu ma suka bi. Mutanen gida suka ɗauka bugun iska ne, aka kira mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Da dare numfashinta ya fara fita da ƙara, amma hanyarsu ba a bin ta bayan magariba saboda halin tsaro, dole suka jira gari ya waye. Mahaifiyarta ce ta riƙo ta, tana cewa, “Sista, ɗiyata lafiya lau aka yi mata aiki, ga wuyan nan ya warke, wannan kuma daga ina?” Na ce mata, “Inna, daga wuyan ne, amma in Allah ya so yana da magani, kuma yanzu za ki gani.”

Likita ya ba da umarni aka yi mata allurar kalsiyam gulukonet ta jijiya, mililita 10 a hankali cikin minti 10, sannan aka ci gaba da shi a cikin ƙarin ruwa. Kafin a gama ruwan farko yatsunta sun saki. Sakamakon jinin da aka ɗiba kafin allurar ya nuna 1.6. Ko dai an cire ƙwayoyin paratayirod tare da maƙoƙon, ko kuma an taɓa ƙananan jijiyoyin da ke kai masu jini, wanda hakan na iya faruwa ko a hannun gwani idan maƙoƙon babba ne. Ga mafi yawan mutane ƙwayoyin suna farfaɗowa cikin makonni, sai idan an wuce wata 6 zuwa shekara ba su dawo ba ake lissafa shi a matsayin na dindindin.

Ba na ganin laifin iyalinta ko kaɗan. Wanda bai taɓa jin cewa aikin wuya na iya ƙandare hannu ba, ba shi da dalilin haɗa su biyun, kuma ba wanda ya faɗa masu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shaƙewar numfashin, domin ƙarancin kalsiyam na iya ɗaure tsokar maƙogwaro ya rufe hanyar iska, ko ya kawo jijjiga, ko ya dagula bugun zuciya.

Na yi amfani da wannan dama na nuna wa ɗaliban jinya gwajin da ba ya bukatar kuɗi, wanda ke ɗauke da sunan Trousseau, wani likitan Faransa na ƙarni na 19: a ɗaura abin awon hawan jini a damtse, a hura shi ya ɗan wuce lambar sama ta awon mutumin, a bar shi minti 3. Idan kalsiyam ya yi ƙasa, hannun zai ƙandare kamar yadda yake a zanen katin. Daga yau mun sa shi cikin abin da za a yi wa duk wanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo safe da yamma kafin sallama.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Matsalar wannan makon ta magani ce. Likita ya rubuta wa matar ƙwayar kalsiyam tare da alfakalsidol, mijinta ya zaga shagunan magani da dama a gari bai samu na biyun ba, a wani kemis kuma aka ba shi bitamin D na yau da kullum aka ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Bitamin D na yau da kullum sai ya bi ta hanta, sannan ƙoda ta ƙarasa gyara shi, kuma ƙoda tana yin wannan ne bisa umarnin sinadarin paratayirod, wanda shi ne matar ta rasa. Alfakalsidol da kalsitirayol sun riga sun tsallake matakin ƙodar, shi ya sa su ake bukata. A ƙarshe an aiko da shi daga Sakkwato ta hannun direban mota, na wata guda da kuɗin aike ya kama N14,000, kuma mun cire N5,000 daga asusun aikin mun taimaka. Na ƙara shafi a rajista na shagunan da ke ajiye wannan magani, domin kada na gaba ya sha wannan yawo.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

An sallami matar da kalsiyam 2.1, da kati a hannunta. An kira waɗanda ke cikin rajista, babu mai ƙorafi. Kuɗin waya N2,000.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Sakamakon gwaji biyu sun ɗaga mana hankali a banza. Na farko na wata ce da ta dawo dubiya tana tafiya da ƙafarta tana hira, amma takardar da ta kawo daga wani ɗakin gwaji na kuɗi ta nuna kalsiyam 0.9 da fotasiyam mai yawan da mutum ba zai rayu da shi ba. Da aka bincika, ashe an zuba jinin ne a kwalba mai murfin shuni, wadda ake amfani da ita wajen ƙirga ƙwayoyin jini. Sinadarin da ke cikinta yana hana jini daskarewa ne ta hanyar kame kalsiyam, kuma shi kansa yana ɗauke da fotasiyam. Aka sake ɗiba a kwalbar da ta dace, aka samu 2.3. Matar ta biya N4,000 sau biyu, abin da bai kamata ba.

Na biyun rikicin ma'auni ne. Wasu ɗakunan gwaji suna rubutawa da miligiram cikin desilita, inda lafiyayyen adadi yake tsakanin 8.5 da 10.5, wasu kuma da milimol. Idan aka raba na farko da 4 ana samun kusan na biyu. Za mu rubuta duka biyun a katin bugu na gaba. Likita ya kuma tuna mana da albumin, furotin ɗin da kusan rabin kalsiyam na jini ke manne da shi: wanda ya rame ko yake fama da ciwon hanta, albumin ɗinsa na ƙasa, sai kalsiyam ya fito kamar ya yi ƙasa alhali wanda ke aiki lafiya lau yake. Ana gyara lissafin ta ƙara 0.02 a ma'aunin milimol a kan kowane giram da albumin ya gaza 40. Na rubuta wannan da babban baƙi a bangon rajista.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Wannan makon na koma kan rukuni na biyu, masu shan maganin tayirod na dogon lokaci. Ƙashi ba ya zama wuri guda, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo, kuma kowane zagaye yana ɗaukar kimanin kwana 200. Idan tayirod ta yi aiki fiye da kima, irin ciwon da ke zuwa da rama duk da yawan ci, da gumi, da rawar hannu, da bugun zuciya, wani lokaci da fitowar idanu, zagayen yana raguwa zuwa kusan rabi, kuma ginin ba ya cim ma rushewar. A hankali ƙashi ya zama fanko, musamman ga macen da al'ada ta yanke mata. Idan aka shawo kan ciwon da maganin kabimazol ko tiyata, wani ɓangare na abin da aka rasa yana dawowa, don haka jinkirin zuwa asibiti ƙashi ne ke biyan sa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ƙwayar lebotayiroksin da ake ba wanda aka cire wa tayirod tana yin wannan ɓarnar idan ta yi yawa. Na samu wata dattijuwa a rajista da ke shan adadi ɗaya tun shekarun baya, tana saye a kemis da tsohon kwali, ba ta sake yin gwajin jini na TSH, wanda ke nuna ko adadin maganin ya yi daidai, ba, ga shi tana kukan faɗuwar gaba da ciwon baya. Na ce mata, “Hajiya, maganin nan ba a barin sa, amma kuma ba a barin sa ba awo.” Gwajin ya nuna ya yi mata yawa, likita ya rage. An ƙara layi a katin na ranar gwajin TSH na gaba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu 'yan Zamfara musamman. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi take kwanciya, tana iya yin shekaru gommai a can, kuma duk abin da ya hanzarta rushewar ƙashi, kamar juna biyu da shayarwa da tayirod mai yawan aiki, yana iya sako ta cikin jini. Yaran da suka tsira a wancan lokacin yanzu sun kai aure. Na roƙi likita ya amince, ya kuma amince, mu riƙa tambayar duk mai irin wannan ciwo ko ta taɓa zama inda ake daka ko niƙa dutsen zinare.

Litinin, 24 ga Fabrairu

An turo mana wata mata mai shekara hamsin da wani abu, wadda ba ta da maƙoƙo ko kaɗan. Ta karye a wuyan hannu bara, bana kuma a cinya daga ɗan tuntuɓe a tsakar gida, kuma duka biyun wurin maɗori aka kai ta. Tana fama da ƙishirwa, da yawan fitsari, da taurin bayan gida, da kasala, ta kuma taɓa fitar da tsakuwa a fitsari. 'Ya'yanta, cikin kyakkyawar niyya, sun daɗe suna saya mata ƙwayar kalsiyam domin ƙashinta ya yi ƙwari. Gwaji ya nuna 3.1.

Wannan kishiyar matar 29 ga Janairu ce. Likita yana zargin ɗaya daga ƙwayoyin paratayirod ta girma tana zubo sinadari ba ƙaƙƙautawa, wanda shi ne sanadi a kimanin kashi 80 cikin 100 na masu wannan ciwo, kuma ya fi kama mata bayan yankewar al'ada. Ƙashi yana narkewa, jini yana cika da kalsiyam, ƙoda tana tara tsakuwa. An dakatar da ƙwayar kalsiyam nan take, an sa mata ruwa. Tabbatarwa sai da gwajin sinadarin kansa, wanda ba a yi a wurinmu, za a aika da jinin zuwa Kano a cikin ƙanƙara, an ce N35,000. A wannan gwajin kwalba mai murfin shuni ce ake so, domin sinadarin ya fi daɗewa a cikinta bai lalace ba. 'Ya'yan sun ce za su haɗa kuɗin zuwa ƙarshen mako.

Katinmu bai yi tanadin irin wannan ba, domin an gina shi ne a kan ƙarancin kalsiyam. Dole bugu na gaba ya ɗauki gargaɗi cewa ba kowane ciwon ƙashi ne ke son ƙwayar kalsiyam ba, a auna jini tukuna.

Litinin, 3 ga Maris

An ɗauki azumi ranar Asabar, kuma tambayoyin waya duk sun koma kan lokacin shan magani. Lebotayiroksin tana son ciki ba komai, aƙalla rabin awa kafin abinci, kalsiyam da maganin ƙarin jini kuma suna kame ta a hanji, don haka ana raba su da awa 4. Ƙwayar kalsiyam kabonet ita kuma tare da abinci ta fi shiga jiki. Tsarin da likita ya amince da shi ga mafi yawansu shi ne a sha kalsiyam da buɗa-baki, a tashi da wuri a sha lebotayiroksin da ruwa zalla kafin sahur, a jira, sannan a ci, kuma a guji fura da nono a wannan sahur ɗin idan zai yiwu.

Mutum biyu likita ya ba shawarar su ajiye azumin bana: matar da hannunta ya ƙandare, domin tana bukatar kalsiyam sau uku a yini kuma adadinta bai daidaita ba, da mai tsakuwar ƙoda, domin ƙishirwar zafin Maris za ta ƙara haura kalsiyam ɗinta. Ta biyun ta yi kuka. Na tuna mata da rangwamen da Allah ya yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara, na kuma ce ɗanta ya tambayi malamin unguwarsu domin hankalinta ya kwanta.

Alhamis, 13 ga Maris

Na yi wa masu jiran ganin likita bayani a kan abinci. Baligi yana bukatar kimanin miligiram 1,000 na kalsiyam a yini, kuma tuwon dawa da na masara ba su da shi sosai. Abin da muke da shi a kusa shi ne nono da kindirmo, da kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu. Binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa a can, ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban sanadi, ba rashin rana ba, kuma a irin wannan hali paratayirod tana ƙara ƙaimi ta ɗebo daga ƙashin yaron domin ta tsare na jini. Na kuma yi maganar gishiri mai aidin, wanda Najeriya ta wajabta tun 1993 domin rage maƙoƙo, da muhimmancin rufe shi kada a bar shi a buɗe a rana ko a danshi.

Litinin, 24 ga Maris

Kira da dubiya kamar kullum. An yi tiyata biyu a makon jiya, dukansu sun tafi da kati, gwajin damtse bai nuna komai ba. Kuɗin waya N2,000.

Litinin, 7 ga Afrilu

Sakamakon Kano ya iso bayan Sallah. Sinadarin paratayirod na matar ya ninka iyakarsa sau da yawa alhali kalsiyam ɗinta na sama, wanda a lafiyayyen jiki da sai ya yi ƙasa sosai. An rubuta mata takardar zuwa asibitin koyarwa a Sakkwato domin a gano ƙwayar a cire ta. Likita ya sa na rubuta a katinta cewa bayan irin wannan tiyata ƙasusuwan da suka daɗe suna rasa kalsiyam na iya zuƙe na jini da sauri har ya faɗi ƙasa, don haka alamomin da ke kan katin sun shafe ta ita ma, kuma kada ta yi gaggawar komawa gida.

Matar 29 ga Janairu ta zo dubiya da 2.2, an rage mata alfakalsidol kaɗan domin a ga ko ƙwayoyinta sun fara farfaɗowa, za ta sake gwaji bayan mako 2.

A asusu saura N16,500 bayan kuɗin waya na baya-bayan nan, bugu na biyu kuma zai ci kusan N30,000 saboda ƙarin shafi, don haka sai an sake karo-karo a ƙarshen wata. Gyare-gyaren da za su shiga su ne ma'auni biyu na kalsiyam, da gargaɗin shan ƙwayar kalsiyam ba gwaji, da jadawalin magani na azumi. Na kuma nemi izini a riƙa ba da katin tun ranar da aka sa wa mutum ranar tiyata, a gaban wanda zai yi jinyarsa, kuma mako mai zuwa zan kai kwafi ga ma'aikatan ƙananan asibitocin Tsafe da Bunguɗu, domin su ne za a fara kai wa mara lafiya idan hannu ya ƙandare da dare.